Ɗana na fari ya ci BEPC, kunya ta hana ni yaba masa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana na fari shekararsa 15, bana ya ci BEPC, jarrabawar kammala matakin farko na sakandare. Ba ya wasa da salla, ba ya raba dare a fada (majalisar hirar samari), shi ke kai ƙannensa lakwal kullum. Zuciyata cike take da godiya, amma ko sunansa ba na faɗa, balle in yaba masa ido da ido. Babansa na son saya masa babur, ni kuma ina tsoron bakin mutane da na ƴan uba. Yaya zan gode wa Allah, shi ma yaron ya san mun gani? Daga wata uwa, unguwar Zariya, Maraɗi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ƙara shirya shi, ya sa ƙannensa su bi sahu.

Godiya ga Allah ita ce mai sauƙi. Malaman Malikiyya sun fi son nafila raka'a biyu, wasu malamai kuma sujada guda suke yi. Ki riƙe addu'ar da ke aya ta 15 a Suratul Ahƙaf, don ta haɗa neman ikon yin godiya da roƙon a gyara wa mutum zuriyarsa. Sai sadaka: kwanon tuwo ga almajirai, ko tiyar gero ga maƙwabciya mai ƙaramin ƙarfi, ba tare da kin faɗi dalili ba. Abin da ba a yi shelarsa ba, baki ba ya samun wurin kama shi.

Batun kunya, ba mu ce ki yar da ita ba. Amma sunansa ta hana ki kira, ba ta hana ki sa masa albarka ba. Ki nemi lokacin da kuke ku biyu, misali ya dawo daga aike yana miƙa miki canji. Ki ambaci aiki guda takamaimai: "Na ga yadda kake kai ƙannenka lakwal ba sai an tashe ka ba. Allah ya yi maka albarka." Ki tsaya nan. Kada ki liƙa mata "amma ka rage kaza", domin yaro wutsiyar maganar yake riƙewa, ya manta kanta. Kada kuma ki ce ya fi wane, musamman a tsakar gida inda ƴan uba ke ji. In bakin ya ƙi buɗewa, kakarsa ko kawunsa su kai saƙon, su ce "mamanka ce ta faɗa". Dole dai ta kai kunnensa. Saurayin da bai ji yabo a gida ba yakan je nemansa a fada, can kuwa wanda ya fi rashin tsoro ake yi wa kirari.

Babur kam, ki lallashi Alhaji ya dakata. Ban da haɗarin hanya, babur kullum mai yake sha. Yaron da ba shi da kuɗin mai sai ya fara ɗaukar fasinja da yamma, daga nan kabu-kabu ya ja shi, ga shi yanzu zai shiga lise, wato babbar sakandare, inda karatu ke ƙara nauyi. In lakwal na da nisa, keke ya isa.

Mu dai jar akuyar Maraɗi muke ba da shawara, a ce tasa ce, shi zai kula da ita. Ku je kasuwa tare da wanda ya san dabba, a zaɓi budurwar akuya mai tsabtar ido, ba majina a hanci, ba alamar zawo a gindin wutsiya. A ware ta mako biyu kafin ta haɗu da na gida, a kuma kai ta rigakafi wurin ma'aikatan dabbobi. Cikinta wata biyar ne, kuma irin nan an san shi da yawan haihuwar tagwaye. Ya sayi harawa da kaka lokacin da take araha, ya ajiye bisa rumfa. Dusa da gero kaɗan-kaɗan ake ba ta, don in ta ci da yawa lokaci guda cikinta kan kumbura, har ta mutu. Ya riƙa tsince leda daga tsakar gida, ita ma tana kashe awaki. Kuskuren da iyaye suka fi yi shi ne sayar da akuyar yaro ranar da buƙata ta taso ba tare da an tambaye shi ba. In ta kama dole, a nemi yardarsa, a faɗa masa ranar da za a mayar.

Game da ƴan uba, ki tuna wa Alhaji hadisin Nu'umanu ɗan Bashir da ke cikin Buhari da Muslim: mahaifinsa ya ba shi kyauta shi kaɗai, Annabi (SAW) ya ƙi zama shaida, ya yi umarni da adalci tsakanin ƴaƴa. Don haka Alhaji ya tara yaran duka, ya faɗa da bakinsa cewa duk wanda ya ci tasa jarrabawa, mace ko namiji, na kowane ɗaki, shi ma akuya na jiransa.