Tambayoyin Masu Karatu: Ƙyallin Ruwa Yana Ɓata Mini Hotuna

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. A bazarar nan na shiga sha'awar zama a bakin tafki ina kallon tsuntsaye da ƙwari, amma duk hoton da na ɗauka da wayata sai ruwan ya fito fari fat, tsuntsun kuma ya koma ɗan ɗigo baƙi. Shin sai na sayi babbar kyamara ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kada ka yi saurin ɗora wa wayarka laifi, domin ina kyautata zaton rana tsaka kake fita, kuma kana fuskantar inda hasken yake. Idan ƙyallin ruwa ya cika idon kyamara, sai ta rage haske don ta daidaita hoton, tsuntsun da ke gabanta ya dushe. Ka je cikin awa ta farko bayan fitowar rana, ko ta ƙarshe kafin faɗuwarta, ka ba rana baya, sannan ka taɓa tsuntsun a fuskar wayar kafin ka ɗauka. Akwai kuma gilashin rage ƙyalli da ake ɗaurawa a bakin kyamara, wanda ya fi aiki idan kana kallon ruwan a karkace da kusan digiri 37 daga shimfiɗar ruwan. Kana juya shi a hankali za ka ga farin ya yaye, saiwar bado da ƙananan kifaye sun bayyana.

Sauran aikin na haƙuri ne, kuma a nan ne yawancin masu koyo suke gazawa. Mazari da sassafe jikinsa bai ɗumama ba, saboda haka yakan lafe a kan ciyawa da raɓa a fukafukansa, har ka matso dab da shi bai motsa ba. Ko rana ta ɗaga, idan ya tashi kada ka bi shi, domin sau da yawa kan tsinken da ya bari yake komowa. Ka saita wayarka a kan tsinken, ka jira. Zalɓe kuwa ba ya son motsi kwatsam, gara ka durƙusa tun daga nesa, ka bar shi ya manta da kai.

Inda babbar kyamara ta fi waya shi ne tsuntsun da ke tashi daga nesa, wanda ke buƙatar dogon madubin kyamara mai jawo abu kusa, da saurin ɗauka na aƙalla 1/1000 na daƙiƙa. Jawo shi kusa da yatsu a waya yakan sa hoton ya yi dishi-dishi ne kawai.