Sitika ta ce amfiya 200, wa ya auna?

Wani Alhaji mai sana'ar ƙanƙara a unguwar Zariya ta Maraɗi ya aiko cewa ya sayi batirin litiyom mai bolt 51.2 da amfiya 200 a kan miliyan ɗaya da ɗoriya. Da magariba allonsa na nuna kashi 100, amma kafin ƙarfe 2 na dare firizoji biyun sun yi shiru. Yana so ya san ko batirin ne, ko mai haɗawa.

Alhaji, kada ka yi faɗa da kowa tukuna, ka fara aunawa. Idan rubutun jikinsa gaskiya ne, yana ɗauke da wat 10,240 na awa ɗaya. Hanyar tabbatarwa guda ce, a cika shi a kuma juye shi kana kallon agogo. Ka caje shi har ya daina karɓa, ya huta awa guda, sannan ka raba shi da sola da wutar NIGELEC, kamfanin lantarki na Nijar, gaba ɗaya. Ka cika tanon ƙarfe mai lita 200 da ruwa, ka saka hita biyu masu wat 1000, ka jona su a inbata, ka rubuta lokaci. Ruwan zai yi zafi sosai amma ba zai tafasa ba, kuma kada yaro ya kai hannu ciki muddin hita na jone. Kada a yi gwajin da dutsen guga ko firiza, su suna ɗaukewa suna dawowa da kansu, lissafi zai rikice. Inbata na cin kusan kashi 10 a hanya, don haka batiri na ƙwarai zai kai awa 4 da rabi kafin ya yanke. Idan ya faɗi a awa 2 da rabi, rabin kaya aka ba ka. In kana son lissafi daidai, mai gyara ya saka maka mita mai ƙirga amfiya a bakin batirin.

A nan zan ɗan tsaya, don abin na ci mini tuwo a ƙwarya. Mutumin da ba zai karɓi buhun gero a Babbar Kasuwa ba sai an auna masa tiya bayan tiya, shi ne zai zube miliyan a kan sitika mai sheƙi. Tun da Najeriya ta yanke mana wuta a watan Agusta na 2023 kowa ya koma dillalin batir, kaya na kwararowa, har da ƙwayoyin da suka gama aiki a wani wuri aka sake musu riga. Kashi 100 da ke kan allo ba shaida ba ce. Na'urar BMS mai kula da cajin batirin, wadda ke cikin akwatinsa, adadin da aka rubuta mata take faɗa, kuma da kwamfuta ake rubuta shi. Mitar bolt ma ba za ta cece ka ba, domin ƙwayar irin wannan batir tana zama wajen bolt 3.2 zuwa 3.3 ko ta kusa cika ko ta kusa ƙarewa. Na taɓa tsayawa aka kwance mini wani akwati, sai ga ƙwayoyi 16, kowace an kankare lambar kamfanin da ke samanta, biyu sun kumbura kamar fanke. Tun kafin a kwance na yi zargi, don yaron shagon shi kaɗai ya sauke shi daga adaidaita, alhali na gaske mai wannan girma yana kai kilo 80. Ku riƙe wani abu daga kuɗin sai an yi gwaji a gabanku. Ɗan kasuwar da ya ƙi, cinikin biri a sama yake so ku yi.

Wata Hajiya daga Ali Ɗan Sofo ta ce da kuɗin adashe ta saya, shekara 2 ke nan, yanzu tana jin tsoron gwajin ya kashe mata shi. Hajiya, kwantar da hankalinki. Juyewa sau ɗaya ba ta cutar da litiyom, BMS zai yanke da kansa kafin a kai ga ɓarna, ke dai a mayar da shi caji a ranar, kada ya kwana a wofi. Ko kin samu kashi 90 na abin da aka rubuta, lafiyarsa lau, sai ya sauka ƙasa da 80 ake cewa ya fara tsufa. Abin da nake jiye miki shi ne zafi. A kan digiri 25 masana'anta ke auna shi, mu kuwa a Afrilu muna haura 40. Ki ɗauke shi daga ɗakin kwano zuwa inda iska ke ratsawa.

Wani matashi daga Tibiri yana tambaya ko zai iya haɗa wayoyin biyu ya ga ƙarfin tartsatsi, kamar yadda ake yi wa batirin babur. A'a, ɗana. Babban batir na iya narkar da sifana a hannunka kafin ka ce wayyo, kuma tartsatsin ba zai gaya maka awa nawa zai yi ba.

Mai tambayar ko zai jona sabon litiyom da tsofaffin baturan ruwa don su taimaki juna: kada ka yi, cajinsu ba iri ɗaya ba ne. Tsofaffin ka kai wa masu sayen dalma su ba ka kuɗin waya mai kauri.