Uwargida ta tsorata da der, die, das

Wani ɗan'uwa da ke aikin sito a Hamburg, ƙasar Jamus, ya rubuto mini. Yana son ɗauko iyalinsa daga Kano, amma an ce sai ta kawo shaidar Jamusanci ta matakin A1 kafin a ba ta biza. Ya ce ta buɗe littafi, ta ci karo da der, die, das, kalmomin da ake sa wa a gaban suna don nuna jinsinsa, ta rufe, ta ce ba za ta iya ba.

Ɗan'uwa, fara duba irin takardar zamanka, don akwai waɗanda aka ɗauke wa wannan sharaɗi, kamar matan masu Blue Card, wato takardar zama ta ƙwararrun ma'aikata. In ya hau kanka, to ka kwantar mata da hankali. A1, wato matakin farko, gaisuwa ce, cefane, faɗin suna da adireshi, da cike fom. Jarrabawar Goethe-Institut, makarantar Jamusanci wadda ke da cibiya a Legas, kashi huɗu ce: sauraro, karatu, rubutu da magana, kuma maki 60 cikin 100 ake nema.

Abin da ya firgita ta kuwa, Bahaushe ya riga ya san rabinsa. Mu ma muna raba namiji da mace a suna: gidan nan, rigar nan. Har akwai inda muka yi daidai da su: rana mace ce, die Sonne, wata namiji, der Mond. Sai dai su suna da kashi na uku, das, wanda ya haɗiye ruwa, das Wasser, har da yarinya, das Mädchen. Saboda haka kada ta taɓa haddace suna shi kaɗai. Ba Tisch ba, der Tisch, wato tebur. Ta rubuta a takarda ta manna a jikin tebur, ƙofa da firji. Sunan da ya ƙare da -ung, -heit ko -keit galibi die ne, mai -chen kuma galibi das.

Na fi damuwa da lambobi da agogo, don nan ne kunne ke yaudarar mutum a sashen sauraro. 21 a wurinsu einundzwanzig ne, wato ɗaya da ashirin. Halb acht kuma, wato "rabi takwas", bakwai da rabi ne, ba takwas da rabi ba. Ga jami'i ko likita a ce Sie, kamar yadda muke ce wa babba "ku". Du na yara ne da abokai. A jimla ta labari, aikatau na zama a gurbi na biyu: Heute koche ich Reis, wato "yau dafa ni shinkafa".

Kai ma da sauran aiki a gabanka. Kullum kuna waya, to ku ware minti goma ba Hausa a ciki: ka tambaye ta farashi, ta tambaye ka lokaci. Ka riƙa karanta mata kalmomin wasiƙun da ke shigowa akwatinka, Termin (lokacin ganawa), Miete (kuɗin haya), musamman Frist, wato wa'adi. Idan ta iso, ku nemi gurbi a Integrationskurs, kwas ɗin baƙi, da wuri: awa 600 na harshe, 100 na sanin ƙasa, har zuwa matakin B1, na uku a matakan harshe.