Hirar da ta ƙi tafiya ta Gmail

Ɗan'uwa, ka ce ka naɗi hirar minti 30 da wani dattijo a Jidda don shirinka, amma Gmail ya ƙi aika ta zuwa Kano. Nauyi ne ya yi mata yawa, Gmail ba ya ɗaukar fayil da ya haura 25MB. Ɗora ta a Google Drive, ma'ajiyar fayil ta Google a intanet, ka tura wa mai tace maka mahaɗin, kada kuma ka manta ba shi izinin buɗewa, nan yawanci ake tuntuɓe.

Ina zaton a WAV ka naɗa, wato tsarin fayil ɗin sauti da ba a matse ba, mai cin kusan 10MB kowane minti. In saurare kawai zai yi, matse ta zuwa MP3 mai ingancin sauti 64kbps da Audacity, manhajar gyaran sauti, za ta dawo wajen 15MB, murya kuma tar. Amma in tacewa ce, bar ta a WAV, don abin da MP3 ya yanke wajen rage nauyi ba ya dawowa.