Shin kirci cutar ƙasashen masu arziki ce?

Tambaya: Likita, na ji ana cewa kirci da sauran kumburin fata mai ƙaiƙayi cutar Turawa ce, kuma tunda ba ya kisa bai kai a damu da shi ba. Haka ne?

Amsa: Ba haka ba ne. An daɗe ana wannan zato saboda a Turai da Amurka aka fara ƙirga masu fama da shi, inda yake kama kusan yaro ɗaya cikin biyar. Amma da binciken ISAAC, wani babban binciken ƙasa da ƙasa kan asma da kirci a yara wanda aka soma a 1991, ya bi yaran makaranta a ƙasashe da dama, sai lamarin ya sauya. A tsakanin 'yan shekara 6 zuwa 7, an samu ƙasa da kashi 1 cikin 100 a wani gari na Indiya, amma fiye da kashi 22 a Kito ta Ekwado. Wasu biranen Afirka ma adadinsu ya yi sama sosai.

Ni abin da ya fi damuna shi ne waɗanda ba a ƙirga ba. Littattafan likitanci sun koya mana neman jan fata. A baƙar fata kuwa, wurin duhu yake yi ko toka-toka, ya yi kauri saboda susa, musamman a lanƙwasar gwiwar hannu da bayan gwiwa. Ma'aikacin lafiyar da bai saba ba sai ya ɗauka makero ne ko ƙazuwa, ya ba da maganin da ba zai yi aiki ba.

Batun kisa kuwa, gaskiya ne da wuya ya kashe. Sai dai a lissafin nauyin cututtuka na duniya na 2013, kumburin fata ne ya fi duk cututtukan fata cinye wa mutane shekarun lafiya. Yaro ya kwana yana susa har jini, uwa ba ta runtsa ba, da safe ga makaranta ga aiki.

Manya kuma sau da yawa sana'a ce ke jawo musu: siminti ga magina, sinadarin gashi ga masu gyaran kai, yawan wanke hannu ga ma'aikatan jinya. Wannan ana iya rage shi. Da Denmak ta sa a riƙa zuba sinadarin ƙarfe a siminti don rage gubar kuromiyom, wani sinadari a cikin siminti da ke kumbura fata, magina masu ciwon hannu sun ragu, kuma daga baya Tarayyar Turai ta mai da shi doka.