Kare lafiyar masu gyaran AC: ta ina za a fara?

Malam, ka tambayi ta ina za ka fara tsarin kare lafiyar yaranka masu gyaran AC. Ni a ganina, da lantarki. A kashe wuta daga tushe, a sa kwaɗo, makullin na aljihun mai aikin, sannan a gwada da mita a tabbatar babu wuta. Kafasito, wato ɗan abin da ke tara caji a cikin AC, shi aka fi yi wa sakaci: yana riƙe caji bayan an yanke wuta, sai an sauke shi.

Gwajin yoyon gas a bututun AC kuwa, da iskar nitirojin kawai ake yi, ban da oksijin. Oksijin in ya haɗu da man kwamfuresa (injin da ke matsa gas a cikin AC), fashewa ce. R32, wani gas ɗin sanyaya da ake sa wa AC, yana kamawa da wuta, kada a yi walda sai an kwashe shi.

Rubuta tsarin kam, nemi ƙwararren jami'in kare haɗurra ya daidaita shi da dokar ƙasarku.