Shin Buɗe Ƙofa Ga Shinkafar Waje Zai Kashe Noman Gida?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni manomin shinkafa ne, ina noman rani. Tun da gwamnati ta sassauta shigo da abinci, farashin shanshera, wato shinkafar da ba a ɓare ba, ya faɗi, alhali taki da man injin ban ruwa ba su sauko ba. Shin manomin gida zai iya gogayya da shinkafar waje idan aka bar kasuwa a buɗe? Daga wani mai karatu a Kura, Jihar Kano.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Koken naka yana kan hanya, domin a watan Yuli na 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da janye harajin shigo da wasu kayan abinci na tsawon kwana 150, ciki har da shinkafar da aka ɓare amma ba a goge ba, kuma cikin 'yan watanni Indiya ta ɗage takunkumin da ta sanya wa fitar da shinkafarta tun 2023, sai farashi ya sauko a kasuwar duniya. Masu injinan casa da suka samu ta waje da rahusa suka rage sayen shanshera, nauyin kuwa ya faɗo a kan wanda ya riga ya zuba kuɗinsa a gona.

Najeriya ta gwada hanyoyin biyu. An haramta shigo da shinkafa a 1985, aka ɗage haramcin a 1995. A 2015 Babban Banki ya hana masu shigo da ita dala a farashin gwamnati, a shekarar kuma aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi. Sannan aka rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Kariyar ta yi amfani, gonaki sun faɗaɗa, injinan casa sun yawaita a Kano da Kebbi da Jigawa, amma buhu ya yi wa magidanci tsada, fasa-ƙwauri ta Kwatano kuma bai tsaya ba, saboda Jamhuriyar Benin tana karɓar haraji kaɗan a kan shinkafar da Najeriya ke ɗora wa mai yawa.

A ganina, inda gizo ke saƙar shi ne kuɗin da ake kashewa kafin a samu buhu ɗaya. Matsakaicin amfanin hekta a Najeriya bai wuce tan 2 da 'yan kai ba, yayin da manomin Biyetnam ke samun kusan tan 6, na Indiya kuma gwamnatinsa ke sassauta masa farashin taki da wutar ban ruwa, har ta tsayar masa da farashin da za ta sayi amfaninsa. Kai kuwa tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 kake sayen mai da tsada domin janyo ruwa. Haraji a bakin iyaka ba ya ƙara maka ko buhu ɗaya a gona. Lokaci kawai yake ba ka, kuma shekarun kariya sun wuce ba a gyara magudanan ban ruwa da samar da ingantaccen iri yadda ya kamata ba.

Saboda haka manomin gida zai iya gogayya, musamman ku da kuke shan ruwan madatsar Tiga kuna noma sau biyu a shekara, amma da sharaɗin kada a riƙa sauya doka bayan an yi shuka. Ku matsa wa ƙungiyarku ta manoman shinkafa, wato RIFAN, ta nemi a riƙa sanar da duk wani sauyin haraji kafin damina, a kuma rage shi sannu a hankali. A naku ɓangaren, ku haɗu ku ƙulla yarjejeniyar farashi da masu casa tun kafin girbi, ku kula da shanya a kan leda ko daɓe, domin tsakuwa da karyayyen ƙwaya ne suka daɗe suna tura matan birni ga 'yar waje ko da ta fi tsada.